Zogalen da Na Datse a Suwaidi

A bayan gidan da muke haya a Suwaidi akwai ɗan tsakar gida, irin wanda ake ce wa hosh a nan Riyad. Duk an malale shi da tayil, sai lungu ɗaya a jikin katanga da aka bari da ƙasa, inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki yake ɗiga. A wannan lungun zogalen yake. Ba nawa ba ne. Na maƙwabciyata ne, 'yar Sri Lanka, kuma daga bishiyar da ke ƙofar kicin ɗin mahaifiyarta ta zo da irinsa, a ƙulle a bakin gyale. Mahaifiyar ta rasu tun kafin mu san juna. Abu ɗaya maƙwabciyar tawa take jira a wurin zogalen nan, ya yi 'ya'ya. Ni kuma bara, daidai lokacin da ya soma yi, na ɗauko wuƙar da muke sara ƙashin layya na datse shi, ina yi ina yaba wa kaina.

Mu ne a sama, ni da maigidana da yara, ita kaɗai a ƙasa. Asibiti ɗaya muke aikin jinya, mota ɗaya ke kwasarmu da safe. Ta girme ni sosai, 'ya'yanta duk sun girma a can gida. A yarensu babbar yaya ita ce Akka, sai na riƙa kiranta haka, ita kuma ta ce mini Sista. Da Turanci muke magana, mu cike giɓi da Larabcin kasuwa. A asibiti an san ta da abu ɗaya: ba ta ƙarya. Ko irin 'yar ƙaryar nan da muke wa masu jinya don su kwantar da hankali, a ce likita yana hanya alhali bai ma iso ba, Akka ba ta yi. Sai ta ce bai zo ba, ban san lokacin da zai zo ba, ga ruwa ki sha.

Ranar da muka tare na leƙa ta tagar kicin na ga ganyen. Wallahi sai da na murza ido. Zogale a Riyad! Ko mayafin kirki ban yafa ba na sauka, na tarar da ita tana shanya.

Na ce, "Wannan ai namu ne. Daga ina kika samo shi?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Naku? Wannan murunga ce, ta gidanmu."

Daga nan musu ya tashi, kuma bai taɓa ƙarewa ba. Na ce mu ganyen muke dafawa, mu matse, mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Ta ce su ma sukan ci ganyen, su yanka shi ƙanana su gauraya da kwakwa, amma wannan cin marmari ne, ainihin abin 'ya'yan ne, tun suna ɗanye. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce Akka, waɗannan sandunan? Mu ai sai sun bushe a fasa a haɗiyi ƙwayar don magani. Na hau sama na ɗauko mata kwalbar da nake ajiye ƙwayar zogalen da ake aiko mini daga Kano, wadda maigidana yake haɗiya da safe. Ta juya kwalbar a hannunta, ta girgiza kai, ta ce mutanen da ke barin abinci ya bushe su mai da shi ƙwayar magani sai addu'a.

Ranar Juma'a, in ba mu da aiki, kwanuka ne ke hawa da sauka a matakala. Tana da wata 'yar kujera mai haƙoran ƙarfe a goshi, a kanta take zama ta kankare kwakwa. Ƙarar kankarar nan ita ke gaya mini yau akwai daɗi. Takan aiko da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa har ta kama jikinta, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a gefe kuma kankararriyar kwakwa da aka daka da jan barkono da lemun tsami da ɗan busasshen kifi. Yarana, waɗanda Larabcinsu ya fi Hausarsu, har faɗa suke yi a kanta. Ni kuma in saukar mata da masa ko dambu. Ta ce dambu ya yi, amma daddawa kam in riƙe kayata.

In muka shiga babban kanti a Ulaya, ba ta wuce layin shayi. Sai ta ɗauki kwali ta juya bayansa ta nuna mini sunan ƙasarsu.

"Kin ga wannan? A kan tudu ake tsinkarsa, mata ne ke yi da kwando a baya. Mai kyan ya hau jirgin ruwa, mu a bar mana garin."

Na ce ai mu ma haka riɗinmu da zoɓonmu da cittarmu suke, a loda a tirela a yi Legas da su, wanda ya noma ko ganin teku bai taɓa yi ba. Mahaifinta kirfa ya yi wa hidima duk rayuwarsa. Ta kwatanta mini yadda ake yi: bayan ruwan sama a saro rassan, a kankare bayansu, a murza da guntun ƙarfe har ɓawon ya saki, a ɓare shi a hankali, a riƙa zura wani cikin wani har ya zama doguwar sanda, a shanya a inuwa. Sannan a ɗaure dami-dami, mota ta zo ta kwasa. Masoron da ke hawa bishiyoyin gonar ma na mota ne, kwakwar ma rabinta na mota ne.

Ta ce, "Komai na gonar babana na jirgin ruwa ne, Sista. Murungar Ummata kaɗai ce ba ta taɓa hawa mota ba. Daga bishiya sai tukunya."

Ta ce ba irin wadda ake sayarwa a kasuwar Bataha ba ce, doguwa siririya. Ta mahaifiyarta gajera ce, mai kauri, bakinta ja-ja, kuma duk unguwarsu an san ta.

To, ni Allah ya yi ni da iyayi. A gidanmu na tashi na ga shingen zogale, kuma na san abin da kowace Bahaushiya ta sani: ba a barin zogale ya yi tsawo. Da ya ɗaga sai a fille masa kai, ya fito da rassa ta ko'ina, ganyen ya yi laushi, hannu ya kai. Na Akka kuwa an bar shi ya miƙe har ya wuce katanga, siriri kamar gora, ganyen can a ƙoli, iska na wujijjiga shi. Duk shekara sai ya yi fure, zafi ya zo ya kakkaɓe. Kullum na gan shi sai raina ya ɓaci.

Nakan ce, "Akka, kina wahalar da bishiyar nan. Ki bari in sare miki ita, ki ga aiki. Ai babanki ma sare kirfa yake yi ta yi toho."

Ta ce, "Kirfa ɓawonta ake so. Ki bari ta haihu tukuna. In ta haihu ki yi mata askin da kika ga dama."

Ta faɗa mini da bakinta, kuma na ji da kunnena.

Bara, da sanyi ya fara ja baya, ta samu hutu za ta gida. Zogalen ya yi fure fiye da kullum, har ƙudan zuma suna zuwa. Ta ba ni mabuɗin ƙofar hosh, ta ce in riƙa ƙara masa ruwa tunda na'urarta za ta kasance a kashe, in na so ganye kuma in tsinki na ƙasa-ƙasa. Na ce ta tafi hankali kwance.

Ana nan sai zagaye ya zo kaina a taron matan Najeriya da muke yi wata-wata, kowacce ta karɓi baƙi a gidanta. A watan da ya wuce a Nasiriya aka yi, gidan wata matar likita, ta yi kwaɗon busasshen zogalen da aka kawo mata daga gida, aka yi ta zuzutawa kamar ba a taɓa cin kwaɗo ba. Ni kuwa ga ɗanye a ƙarƙashin tagata. Na sauka na duba. Ganyen ƙasa bai fi cikin tafi ba, duk albarkar tana sama. Na tsaya ina kallonsa, ina ba kaina hujja. In na sare shi na taimake shi. Furen nan dama zubewa zai yi kamar kowace shekara. Kafin ta dawo ya yi toho, ta ga da idonta cewa ni ce da gaskiya.

Maigidana ya gan ni da wuƙa a matakala.

Ya ce, "Ina zuwa da wannan?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Kin tambaye ta?"

Na ce, "Haba Alhaji, zogale ne fa. Ni za a koya wa zogale?"

Ya ɗaga kafaɗa ya wuce masallaci.

Itacen zogale ba shi da ƙarfi, sara kaɗan ya karye. Na datse shi daidai ƙuguna. Da kan ya faɗo ƙasa na ga abin da ba a gani daga taga: a tsakanin furen akwai wasu siraran abubuwa kore suna reto, kamar igiyar takalmi, da yawansu. 'Ya'ya ne. Ya ɗauka. Na tsaya riƙe da reshen. Sai na ce a raina ai aikin gama ya gama, kuma wanda ya yi sau ɗaya zai sake yi, baɗi ma sai ya ninka. Na zauna a kan tayil na zage ganyen tas a cikin babban baho. Rassan da furen da 'ya'yan na karya su na cusa a baƙar leda, na kai kwandon shara na bakin titi.

Kwaɗon ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Matan nan suka cinye har suna suɗe kwano. Matar likita ta ce, "Ke, ɗanyen zogale a Riyad? A ina?" Na ce sirri ne. Baki har kunne na raka su mota.

Kuma kamar yadda na ce, kututturen ya yi toho. Kafin hutun Akka ya ƙare ya fito da rassa ta kowane gefe, kore shar. Na riƙa leƙawa ina jin daɗi, har na shirya abin da zan ce mata.

Na dawo daga aiki da la'asar na ga ƙofar hosh a buɗe. Tana tsaye gaban kututturen da abayarta, akwatinta a gefe ko ɗaki ba ta kai shi ba. Na yi sallama na rungume ta, jikinta a sandare. Ban lura ba, ko kuma na ƙi lura. Na shiga zuba: ki duba tohon nan, ki duba laushin ganye, na gaya miki ai, nan da baɗi sai kin rasa inda za ki kai 'ya'ya.

Ta ce, "Da na tafi akwai fure."

Na ce, "Akwai."

"Ya ɗauka?"

Na ce ya ɗan fara.

"Ina suke?"

Na ce, "Na zubar."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Da ma ta yi. Ta ja akwatin ta zauna a kansa, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Sai ta ba ni labari a hankali, kamar mai ba da rahoton mara lafiya a ƙarshen aiki. Ta je gida ta tarar 'yan'uwanta maza sun sayar da gonar da tsohon gidan, tunda mahaifinsu ƙarfinsa ya ƙare, yanar ido kuma ta rufe masa gani. Wanda ya saya mai kirfa ne, ya share filin kaf don ya dasa sabuwa har bakin katanga. Murungar mahaifiyarsu ma an tumɓuke ta, an ƙone. An mai da dattijon zuwa ɗan gidan da Akka ta gina kusa da gari, ya zauna ya daina magana, abinci ma sai an yi da gaske. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne, har ita ma sun ba jirgin ruwa.

"Sai na ce masa, Baba, kada ka damu. Akwai 'yarta a wurina a Riyad, na baro ta da fure. In na dawo zan zo maka da irinta ka shuka da hannunka a ƙofar kicin. Ranar ya ci shinkafa, Sista. Ya cinye."

Na ce da sauri, "To ai baɗi zai yi. Wallahi zai yi."

Ta ce, "Babu baɗi. Ba za su sabunta mini kwantiragi ba, shekaruna sun kai. Kafin zafi ya tsananta zan tafi, tafiyar da ba dawowa."

Innalillahi. Na tsuguna a kan tayil. Na ce Akka ki yafe mini, na ce ban sani ba, na ce na ɗauka gyara nake yi. Duk gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, don na san baho na cika wa baƙi. Na gaya mata wannan ma. Ta ce ma'alesh, kalmar nan ta Larabawa da ake faɗa in an taka ka a layi. Sai ta buɗe akwatin ta ciro wani ƙunshi ta miƙo mini. Kirfa ce, sanduna gajeru, ba su miƙe sosai ba. Ta ce mahaifinta ne ya ɓare su da lalube daga sauran rassan ƙarshe, ya ce a kai wa maƙwabciyar da ke ba bishiyar ruwa. Na karɓa, don ban san yadda zan ƙi ba. Har yau tana cikin kabad, ban iya sa ta a shayi ba.

Makonnin da suka biyo baya na zama kamar mahaukaciya a kan kututturen nan. Na sayo taki, na yi masa rumfa da tsohon zanin gado, na leƙa da asuba na leƙa da yamma ko zan ga fure. Ganye kawai yake yi, ganye mai kyan gaske, irin wanda kowace mata a garinmu za ta yi alfahari da shi. Na tsani ganin ganyen nan. Na ce to ta yanki reshe ta tafi da shi, ai zogale yana kamawa daga reshe. Ta ce tohon bai yi ƙwari ba, kuma ɗanyen itace a filin jirginsu za a karɓe. Na je Bataha na sayo mata 'ya'yan murunga na Indiya, dami guda, ban ma san me nake nufi da hakan ba. Ta karɓa ta yi godiya, da yamma ta kira ni. Ta yayyanka su kamar tsawon yatsa, ta dafa da madarar kwakwa da kurkum da albasa. Ta nuna mini yadda ake ci: a tsaga, a ja da haƙori a kwashe na cikin, a tauna ɓawon a tofar kamar rake. Abin da na yi shekaru ina yi wa dariya. Yana da daɗi, kuma daɗin ne ya sa ni kuka a kan kwanonta. Ta miƙo mini ruwa ta ce in ci a hankali, akwai barkono.

Ana jibi za ta tafi ta hawo sama. Ba ta cika hawowa ba, saboda gwiwa. Ta zauna a kicin ɗina tana kallon kabad.

Can ta ce, "Kwalbar nan ta maganin mijinki. Tana nan?"

Na ce tana nan.

"Ki ɗan zuba mini."

Na gane nan take. Na ce, "Akka, wannan na Kano ne. Dogaye yake yi, sirara. Ba ja a bakinsu."

Ta ce, "Na sani."

"Me za ki ce masa?"

Ta ce, "Ya ci shinkafa ranar nan, Sista. Ba zan shiga gidan nan hannu rabbana ba."

Na zuba mata a tafi. Ta zaɓi masu ƙiba, waɗanda fukafukansu ba su karye ba, ta ƙulle a bakin gyalenta, kamar yadda ta ce mahaifiyarta ta ƙulle mata na farko. Matar da ba ta iya ce wa mara lafiya likita yana hanya ba, ita ce za ta tsallaka teku ta yi wa mahaifinta ƙarya. Ni na ja mata wannan, saboda kwano ɗaya na kwaɗo.

Bayan tafiyarta wani malamin makaranta ɗan Masar ya kama ƙasan, na roƙi matarsa ta bar mini mabuɗin hosh. Ban sake tsinkar ganye ko ɗaya ba. Matan taronmu sun gano sirrin, wata ta ce in ɗan yago mata na miya, na ce ba nawa ba ne, na faɗa da zafin da ya sa ta yi fushi har yau. Maigidana bai taɓa ce mini na gaya miki ba. Wani lokaci in yana sauka sai in ji ya tsaya ya ƙara wa bishiyar ruwa.

Bana ya yi fure, ya ɗauka, kuma bai zubar ba. Na ga 'ya'yan suna kauri, gajeru, bakinsu ja-ja, daidai yadda ta kwatanta. Ban taɓa ko ɗaya ba har suka bushe suka fara tsagewa. Na fasa su a kan faranti, na zuba ƙwayar a sabuwar kwalba, na kira ta a waya ta bidiyo ranar wata Juma'a da hantsi.

Ta rame kaɗan, amma fuskarta ta yi haske. Na ɗaga kwalbar na nuna mata, na nuna mata ɓawon. Ta kawo fuskarta kusa da waya, ta daɗe tana kallo, ta sa bakin gyale ta goge ido.

Ta ce, "Ita ce."

Na ce akwai wata ma'aikaciyar ɗakin haihuwa 'yar ƙasarsu da za ta hutu, zan ba ta ta kawo.

Ta waiga bayanta, ta rage murya. "Riƙe tukuna."

"Don me?"

"Da hannunsa ya shuka waccan. Kullum da safe sai an kai masa kujera gindinta, ya shafa jikinta, ya yi ta ba ta labarin gona. In na shuka ta biyu zai tambaye ni, ta farkon fa ta wace ce?"

Na ce, "To in ta yi 'ya'ya? Ai zai taɓa."

Ta ce, "Ta riga ta yi fure."

Ina jin kukan hankaka daga can wajensu, da ƙarar wani yana kankarar kwakwa. Sai na ji muryar tsoho yana tambaya da yarensu. Ta amsa masa, ta ce mini yana so ya gaisa da ni. Kafin in ce a'a ta juya wayar.

Yana zaune a kujerar roba, da zani da farar hula, idanunsa fari fat. A bayansa zogalen Kano ne, wanda aka sayi ƙwayarsa a kasuwa don maigidana ya haɗiya, ya wuce tsawon mutum, ya yi fure fari. Hannunsa ɗaya yana kan itacen. Ya ɗaga ɗayan wajen da yake jin muryata, ya yi magana mai tsawo. Akka tana fassarawa, idonta a ƙasa, ba ta kalle ni ba, ba ta kalle shi ba.

"Ya ce ke ce kika shayar da ita da ba na nan. Ya ce ba don ke ba da zurriyar bishiyar matarsa ta ƙare. Ya ce in ta yi 'ya'ya, na farkon za a ajiye miki. Ya ce Allah ya sa ki a inuwa ranar da babu inuwa."

Tsohon ya karkato kunne yana jiran amsata. Kwalbar tana hannuna na hagu, na ɓoye ta a bayana, ko da yake ba gani yake yi ba.

Na ce amin.